Ishiyaku da Mutuminsa na Bayan Teku

Duk wanda ya zauna a Durba kafin mulkin kai ya san Ishiyaku Ɗantsoho. Wanda bai riƙe sunan ba ya riƙe jakinsa mai yankakken kunne, da buhunan gyaɗarsa da ake ɗinke bakinsu da baƙin zaren marina. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Yana raye na faɗa a gaban idonsa, yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ma ba zan fasa ba. Dogo ne siriri, mai yawan gaisuwa. In kana sauri ka hango shi tafe, gara ka ratse ta bayan gida, don sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanku, har akuyar da ta haihu bara. Bai yi arziki ba, bai riƙe sarauta ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Abu ɗaya ya sa har yau ake kawo sunansa a majalisa: ya shafe ƙuruciyarsa da girmansa yana aminci da wani mutum a bayan teku wanda bai taɓa sa shi a ido ba.

Laifin kawuna ne, Ɗantsoho, Allah ya jiƙansa. Manomin dawa ne mai gonaki uku. Babbarsu ita ce gonar gado da ke gangaren rafi, mai wata tsohuwar ɗorawa a kan iyakarta ta gabas. In an cika rumbu, rarar sai ya ɗora wa jaki ya kai kasuwar Rano. Kawu yana da ƙa'ida biyu a ciniki. Ta farko, ba a sallamar mai saye ba gyara. An gama awo, an ƙulla magana, sai ka ƙara dumbuza hannu ka zuba masa, don ya san da mutum ya yi ciniki. Ta biyu, wanda ya sayi abinka kaka bayan kaka ya tashi daga mai saye ya zama ɗan'uwa, ka je masa suna, ya zo maka jaje.

Ƙa'idar kuwa ta yi masa rana. Shekarar da gobara ta cinye rumbunansa, wani marini na Rano mai suna Ramalan, wanda ya daɗe yana sayen dawa a hannunsa, ya ji labari a kasuwa. Ba a aika masa ba, ba a roƙe shi ba, sai ga shi da jakuna a ƙofar gida. Ya sauke hatsi, ya sha ruwa, ya koma. Ishiyaku yana saurayi a lokacin, shi ya kama masa sauke kayan. Abin ya shiga ransa ya zauna daram, daga ranar ya ɗauka haka duniya take tun daga Durba har inda rana take faɗuwa.

Gyaɗa dai tun kaka da kakanni muna noma ta, amma a gefen gona, ta mata ce, su yi mai su yi ƙuli-ƙuli. Sai aka zo aka kafa kanti da sikeli a Rano. Haraji ya ce shi ba ya karɓar dami, kanti kuma ya cika da yadin akoko da kananzir da sabulu mai ƙamshi. Kowa ya ware wa gyaɗa 'yan kunyoyi. Mai kula da sikelin wani ɗan Kibiya ne, Haliru, gajere mai fensir a bayan kunne, wanda ya iya kallon buhunka kamar shara ka kawo masa.

Kakar farko bayan rasuwar Kawu muka tafi Rano tare da Ishiyaku, kowa da jakinsa. Aka ɗora nasa a sikeli aka sauke. Maimakon ya matsa, sai ya gyara tsayuwa.

“Malam Haliru, wannan gyaɗa haka, wa ke cinye ta?”

Haliru ya ce Kamfani ke saye. Ishiyaku ya ce ya sani, shi ba yaro ba ne, Kamfani ai taron 'yan kasuwa ne da sikeli da mota, ba shi da ciki. Shi mai cin yake tambaya, wanda ake sauke buhun a ƙofar gidansa. Layi ya yi tsawo, rana ta take, Haliru yana so a matsa, sai ya ce wani Bature ne can Ingila, bayan teku. Ishiyaku ya tambaya ko mai iyali ne. Haliru ya ce sosai ma. Taubashina ya jinjina kai ya ce ai dole, wanda ke cin wannan gyaɗa ba ƙaramin gida gare shi ba. Ya kwanto wata 'yar jaka daga jikin jaki, ya cika mudu har ya yi tsororuwa, ya ce ga gyara, a kai wa mutumin, a ce daga ɗan Ɗantsoho na Durba.

Haliru ya dubi mudun, ya dubi Ishiyaku, ya ga ba wasa yake ba. Ya jawo wani buhu daga bayan sikeli ya ce a zuba nan, nan ake tara na musamman.

Kaka ta zagayo, ta sake zagayowa, mutumin bayan teku bai fasa saye ba. Bisa ƙa'idar Kawu ya zama ɗan'uwa ke nan, Ishiyaku ya koma kiransa “mutumina”. Yakan karɓo buhunan kanti ya cika a gida, ya sa matarsa Fulera ta ɗinke bakinsu da baƙin zare, don mutumin ya gane nasa in an sauke. A kunnen buhu ɗaya kuma yakan ɗaura ƙunshin farin goro. Haƙoran Haliru da goron Durba suka yi ja, wannan kowa ya sani.

Ana nan sai Ƙasimu ya shigo cikin lamarin. Shi ne direban motar da ke kwashe gyaɗa daga Rano zuwa Kano, kuma iyakacin tafiyarsa a duniya ke nan. Amma a wurin Ishiyaku duk wanda ya kai Kano da kaya ya kusa bakin teku. Babbar Sallah ta zo, ya soya cinyar ragon layya, ya zuba a tulu ya liƙe baki, ya kai wa Ƙasimu ya ce a miƙa gaba. Ƙasimu ya fi Haliru mutunci, shi in ya ci yakan kawo amsa. Yakan dawo ya ce mutumin yana gaisuwa, ya ce naman ya yi, sai dai yaji ya ɗan yi yawa. Shekara mai zuwa Fulera ta rage yaji. A bakin Ƙasimu muka ji mutumin ya yi fama da mura, ya aurar da 'ya, ya yi jika. Da aka yi jikan Ishiyaku ya aika zabi biyu na barka, Ƙasimu ya dawo ya ce mai jego ta gode.

Ni dai na faɗa masa. Ba sau ɗaya ba, ba a ɓoye ba. Na ce Ishiyaku, tumbin Ƙasimu kake kiwo, haƙoran Haliru kake rinawa, babu wani mutuminka ko a bayan teku ko a gabanta. Sai ya yi murmushin nan nasa mai ƙona rai ya ce, “Shitu, kai da ko a Zurgu da ke nan kusa ba ka da aboki, ina za ka gane?” Da na matsa sai ya kawo hujja. Ya ce ko manzo ya ci rabi, rabin da ya isa ya isa, kuma ko ba a kai komai ba, gyaɗar dai wani ke cin ta, shi kuma wanda ya ci guminka shekara da shekaru ba zai ce bai san ka ba. In faɗi gaskiya, a lokacin ban san ta inda zan karya wannan magana ba. Haushi kawai nake ji.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne yadda yake karanta farashi. Mu in gyaɗa ta yi daraja mukan ce Allah ya kawo, in ta faɗi mu zagi Haliru a hanyar gida. Shi kuwa farashi a wurinsa labarin gidan mutuminsa ne. In ya hau, sai ya ce kun gani, ya ji daɗin ta bara. In ya faɗi, sai fuskarsa ta canza, ya ce lalle akwai abin da ya sami bawan Allan nan, mutum ba ya rage wa ɗan'uwa haka kawai. A irin wannan shekara mudu biyu yake zubawa a buhun bayan sikeli, ɗaya gyara ɗaya jaje.

Lokacin babban yaƙin Turawa aka yi shela gari gari cewa a ƙara noman gyaɗa, can ana cikin matsi. Mu muka ji shela, Ishiyaku ya ji kukan ɗan'uwa. Ya ɗauki ƙaramar gonarsa ɗungum ya ba gyaɗa. Bayan yaƙi gyaɗa ta yi daraja, ya ce mutumin ya farfaɗo yana rama alheri, ba kyau a bar shi yana nema bai samu ba, ya ƙara da gona ta biyu. Rumbu ɗaya ya zauna ba komai har kaji suka mai da shi wurin ƙwai. 'Ya'yan Ramalan marini suka zo sayen dawa kamar yadda ubansu ya saba, aka ce babu rara. Suka dawo wata shekara aka ce babu. Suka sami wani manomi a Rurum, daga nan sai gaisuwa in an haɗu a kasuwa, daga baya gaisuwar ma ta ɗauke.

Ba shi kaɗai ya yi haka ba, kada in yi masa ƙarya. Duk mun rage dawa mun ƙara gyaɗa, duk mun koyi sayen abin da da muke yi da hannunmu. Bambancin kawai, mu mun san kwaɗayi ke jan mu, shi ya ɗauka zumunci ne.

Da mulkin kai ya zo aka sauke tuta aka ɗaga wata, aka canza tambarin jikin buhu, aka ce yanzu 'yan ƙasa ke sayen gyaɗa su sayar wa duniya. Sikelin dai shi ne, mai fensir a kunne ma shi ne, sai dai ya je Makka ya dawo Alhaji Haliru, ya yi rufin kwano a Kibiya, ya gina ɗakunan ajiya inda yake tara dawa da kaka ya fito da ita da bazara. Jama'a na murna, Ishiyaku na cikin damuwa. Ya ce an sallami mutanen mutuminsa daga ƙasa, kada ya ɗauka har da shi a ciki. Don ya nuna babu komai a ransa, ya yanke shawarar ba gyaɗa gonar gado.

Nan Fulera ta tsaya. 'Yar Rurum ce, ba ta da yawan magana, sana'arta daddawa. Kalwar ɗorawar nan ta kan iyaka take dafawa, da ita take sayen gishiri da kanwa, da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Shekara da shekaru tana ɗinkin baƙin zare tana rage yaji ba ta ce uffan ba. Ranar ina zaure ina jin su.

“Malam, in ruwa ya ɗauke, gyaɗa za mu tuƙa?”

“In ruwa ya ɗauke, kin manta abin da Ramalan ya yi wa Baba?”

“Ramalan ya san ƙofar gidan nan.”

Ya ce mutuminsa ma ya sani, tunda kowace shekara ana faɗa masa. Ya shuka gyaɗa tun daga bakin rafi har gindin ɗorawa.

Damina biyu suka yi kyau, ya riƙa dubana yana murmushi. A ta uku ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fure. Masu dawa suka sami abin da suka samu, rabi ko ƙasa da haka. Gyaɗa kuwa ƙasa ta ƙame a kanta, abin da aka tono kwanso ne ba ƙwaya. Gidan Ishiyaku babu dami ko ɗaya a rumbu, babu kuma abin kaiwa sikeli. Mu dangi muka ɗiba daga namu muka kai, amma namun ma ba zai kai mu shuka ba. Aka sayar da awaki, aka sayar da jaki mai yankakken kunne. Kafin sanyi ya wuce an koma tuƙi sau ɗaya a gidan.

Sai Alhaji Haliru ya aiko da sallama da jaje, da kuma magana. Ya ce yana da dawar da za ta kai gidan har sabuwar kaka, in Malam Ishiyaku zai bar masa gonar gado. Sauran biyun jigawa ce, gyaɗa ta gama tsotse su, ba ya so. Ishiyaku ya gode, ya ce a ɗan dakata, yana jiran saƙo.

Ya share zaure. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Duk wanda ya fito daga hanyar Rano sai ya tare shi, bayan doguwar gaisuwa ya tambaya ko ya ga wani baƙo yana neman gidan Ɗantsoho. Ƙasimu kuwa, wanda da ko ina ka juya sai ka gan shi, ya zama sai an yi sa'a. In ya hango Ishiyaku a tasha sai ya shige ƙarƙashin mota ya ce gyara yake.

Da jira ya ƙi ƙarewa, Ishiyaku ya zo ya same ni ya ce in raka shi Kano. Ya ce ba roƙo zai je ba. Zai je ne ya ba da haƙuri, tunda bana bai kai komai ba, kada mutumin ya zauna da iyali suna zuba ido. In kuma a cikin magana labarin gida ya fito, shi ke nan. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa, na rufe. Fulera ta ƙunsa masa daddawa ta tsaraba.

Muka hau wata motar, ba ta Ƙasimu ba, tasa ta lalace tun da ya ji inda za mu. A Kano muka yi tambaya har muka isa filin da ake tara gyaɗa kusa da layin dogo. Na sha jin labarin dalar gyaɗa, amma ji daban gani daban. Buhu kan buhu har sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa, ga wata a bayanta, ga wata a bayan waccan. Ishiyaku ya tsaya baki buɗe. Da ya dawo hayyacinsa abin da ya fara cewa shi ne, ashe mutumin yana da abokai da yawa. Na ji kishi a muryarsa.

Ya shiga zagaya dalar yana duba bakin buhuna, yana neman baƙin zare. Muka zagaya ta farko, muka zagaya ta biyu, duk farin zare iri ɗaya. Wani akawu mai gajeren wando ya gan mu ya taso ya tambayi abin da muke nema. Ishiyaku ya gaishe shi har sai da ya gaji da amsawa, sannan ya kwashe labari tun daga mudun farko ya faɗa masa, ya ce so yake a haɗa shi da wanda zai kai saƙo hannu da hannu.

Akawun ya fara dariya. Ya dube ni don in taya shi, ya ga ban taya ba, ya dubi ƙunshin daddawa, sai dariyar ta tsaya. Ya jawo mana benci. Ya ce wasu buhunan nan tun bara waccan suke jiran jirgin ƙasa. Ishiyaku ya zabura ya ce wato mutumin yana can da yunwa. Akawun ya ce a'a, ya saurara. Jirgin ƙasa zai kai su Ikko, bakin teku, a zuba a jirgin ruwa, ta Durba da ta Gaya da ta ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba duk su haɗu su cakuɗe. Can kuma ba ƙofar gidan kowa ake saukewa ba, inji ake ba. Inji ya matse mai, a yi sabulu da man shafa wa burodi, tunkuzar a ba shanu. Wanda ya sayi sabulun bai ma san gyaɗa ce ba. Ya ce wataƙila sabulun da ke kantin Rano akwai gumin Ishiyaku a ciki.

Ishiyaku ya juya ƙunshin a hannu. Shanun ba su dame shi ba, ya ce dabba ma baki gare ta. Abu ɗaya ya tambaya.

“To bana da ban kawo ba, wa zai ji a jikinsa?”

“Ba kowa, Baba. In ba a yi ruwa a nan ba an yi a wata ƙasa. Can za a saya.”

“Wato ba zai ma san ban kawo ba.”

“Ba zai sani ba.”

Ya daɗe yana kallon dalar. Sannan ya miƙe, ya miƙa wa akawun daddawar da hannu biyu, ya ce ba a komawa gida da tsaraba. Akawun ya rasa yadda zai yi, ya karɓa.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina jiran ranar da zan ce ai na faɗa maka, ranar ta zo na ji ba na so. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya rasa wanda zai kama. Haliru da Ƙasimu ƙananan ɓarayi ne, ana iya zaginsu a huce. Babban kuwa ba shi da fuska, ba shi da ƙofar gida, bai ma san ya yi maka komai ba.

Muka iso Durba da la'asar, majalisa ta cika, kowa ya san inda muka je. Wani ya tambaya, da 'yar dariya a bakinsa, ko an ga mutumin. Ishiyaku ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “Ba ya gari.” Suka juyo gare ni. Na ce haka ne, ba ya gari.

Bayan dawowarmu Ishiyaku ya aika wa Alhaji Haliru cewa ya yarda ya sayar da gonar. Ranar ciniki Alhaji ya zo da kansa, da amalanke da mudunsa. Mai unguwa ya zauna shaida, ni ma na zauna. Alhaji ya naɗe hannun riga ya shiga awo. Kowane mudu in ya cika sai ya sa gefen hannu ya shafe shi ƙwal, ƙwayar da ta hau baki ta koma buhunsa. Ishiyaku ne ke riƙe da bakin buhu. Aka zuba na ƙarshe, Alhaji ya kife mudu ya karkaɗe hannu, Ishiyaku bai saki bakin buhun ba.

“An gama, Malam Ishiyaku.”

“Na ga an gama.”

Ya ci gaba da riƙewa. Kowa a wurin ya san abin da yake jira, har da wanda ya yi shekara da shekaru yana jawo buhu daga bayan sikeli. Alhaji ya dubi sama ya ce rana na yi, a je a ga iyaka. Ishiyaku ya naɗe bakin buhun a hankali ya ɗaure.

Muka gangara gona. Aka bi iyaka daga bakin rafi, aka zagayo har gabas. Ɗorawar ta riga ta yi fure, jajaye suna reto kamar tuntun hula, shekarar fari ce amma ita ba ta fasa ba. Mai unguwa ya tsaya a gindinta ya faɗi abin da kowa ya sani, cewa an sayar da ƙasa ba a sayar da itace ba, ɗorawa tana nan ta gidan Ɗantsoho, mai gida ko iyalinsa su zo su girbe ta duk shekara ba mai hana su. Alhaji ya ce haka ne, shi bai ma sa ta a rai ba. Na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai Fulera ta tsira da tukunyarta.

Ishiyaku ya dafa jikin itacen ya ce, “A haɗa da ita. Gyara ce.”

Na kama hannun rigarsa na ja shi gefe. Na zage shi zagin da ba na taubasantaka ba. Na ce ka ga dalar da idonka, ka ji abin da akawu ya ce da kunnenka, ka ga yadda mutumin nan ya shafe maka mudu yanzun nan, wa kake yi wa? Ya bari na gama, ya zare hannuna daga rigarsa.

“Shitu, gonar Baba ce. Baba bai taɓa sallamar mai saye ba gyara ba. Abin da ya rage mini nasa ke nan.”

Alhaji Haliru ya dubi ɗorawar, ya dubi Ishiyaku, ya ga ba wasa yake ba. Ya ce Allah ya yi albarka.

Ishiyaku ya yi shekaru bayan wannan. Da damina yakan ɗauki fartanya ya je ƙwadago a gonar ubansa, ya yi wa Alhaji noman gyaɗa, a sallame shi da yamma tare da sauran 'yan ƙwadago. Gaisuwarsa ba ta ragu ba. Bai sake cewa “mutumina” ba har ya koma ga Allah, mu ma ba mu sake tsokanarsa da sunan ba. Masu ba da labarinsa a majalisa yanzu sukan tsaya a kan zabin barka da rage yaji, a yi dariya a tashi. Ni ma nakan yi dariyar, amma ba nan labarin ya tsaya mini ba.

Ranar cinikin, da muka koma gida, ni na shiga na faɗa wa Fulera maganar ɗorawa, don shi ya tsaya a zaure yana gyara tabarmar da ba ta buƙatar gyara. Tana tankaɗen garin sabuwar dawar. Ta tsaya, ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe. Da ɗorawa ta nuna, yaran Alhaji suka zo suka kaɗe ta, aka kai Kibiya. Fulera ta wanke tukunyar daddawarta ta kife, ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙwarya ta kama hanyar Kibiya sayen kalwa. Aka auna mata, aka shafe mudu.